Baba Na Neman Tsanin Aro, Bangon Ɗakin Mama Kuma Na Shan Ruwa

Assalamu alaikum. Ni ne babban ɗa a gidanmu, shekaruna 36, ina aiki nesa da iyayena. Mahaifina ya haura shekara 70. Shi ya tsaya a kan ginin gidanmu tun daga tushe har rufi, fiye da shekara 30 da suka wuce, kuma tun lokacin shi ke hawa tsani duk shekara ya share indararon da ya zagaye bakin kwano. Bara ya zame daga mataki na uku, ya yi targaɗe, ya kai wata guda yana ɗingishi. Mama ta sa aka fitar da tsanin daga gidan. Shi kuma sai ya hana kowa hawa, ya ce masu gyaran yanzu ɓarna suke yi su karɓi kuɗi su tafi.

Damina guda ta wuce ba a share ba, ga bishiya a gefen gidan tana zubar da ganye. Yanzu kusurwar ɗakin Mama ta jiƙe daga sama har ƙasa, fenti na ɓarewa, ɗakin na warin laima, ita kuma tana tari da dare. Bututun da ke sauko da ruwa ta baya ya cire daga gwiwarsa, ruwan na dukan katangar maƙwabcinmu. Ya yi wa Baba magana sau biyu cikin mutunci, a na uku ɗansa ya aiko.

Da na je gida na ce zan kawo mai gyara in biya, sai Baba ya ce, "Ni za ka koya wa gidan da na gina kana rarrafe?" Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na ce masa ya tsufa, ya bar wa masu ƙarfi. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ƙanena mai shekara 22 da ke zaune a gidan ya ce mu bari sai Baba ya fita a yi aikin a ɓoye. Damina saura 'yan makonni, kuma Mama ta faɗa mini ya fara tambayar inda zai samu tsanin aro. Yaya zan yi?

Babban ɗa, cikin damuwa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba Mama sauƙi, kai kuma ya saka maka, domin kana nesa amma hankalinka na kan bangon ɗakin mahaifiyarka.

Bari in fara da abin da ya fi nauyi a wasiƙarka, wanda ka rubuta a gurguje kamar kana so ka wuce shi: ka ce wa Baba ya tsufa. Na san tsoro ne ya yi magana da bakinka. Ka ga ƙafarsa a kumbure bara, ka kuma san cewa da daga mataki na takwas ya faɗo, da wata wasiƙar daban za ka rubuto mini. Amma ka ɗan zauna ka ji maganar da kunnensa. Mutum ne da ya shekara 30 yana hawa saman gidan nan kafin kowace damina, kuma ba shara kaɗai yake yi a can ba. Yana duba kusoshi, yana danna katako ya ji ko ya fara laushi, yana ganin inda tsatsa ta kama, ya sauko da sanin cewa iyalinsa za su kwana a bushe saboda shi. A cikin shekara guda aka raba shi da wannan duka. Matarsa ta fitar da tsani, maƙwabci ya aiko yaro, ɗansa ya zo daga nesa da kuɗi a aljihu yana cewa zai kawo baƙo. Kowannenku da kyakkyawar niyya ya yi, amma shi magana ɗaya ya ji daga bakin ku uku, cewa gidan ya fi ƙarfinsa.

Kada kuma ka ɗauki maganarsa kan masu gyara a matsayin rigimar tsufa. Akwai gaskiya a cikinta. Wanda bai san aiki ba zai jingina tsani a jikin indararon kansa ya lanƙwasa shi, ya taka kwano a inda babu katako a ƙarƙashi ya lotsa shi, ya tura datti cikin bakin bututu ya toshe, ya sauko ya ce ya gama. Mai yiwuwa Baba ya taɓa ganin irin wannan da idonsa. Ranar da ka amsa masa cewa a nan shi ke da gaskiya, ka sauke rabin faɗan.

Wuri biyu ne ba zan ba shi gaskiya ba, kuma ba na so ka sassauta a kansu: tsani da lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Ƙashin mai shekara 70 ba ya jure abin da na mai 30 ke jurewa. Karayar ƙugu kan kwantar da dattijo watanni, wani ma ba ya sake komawa tafiyarsa ta da. Wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya kuma ya fi kusa da sake faɗuwa. Saboda haka Baba da tsani sun rabu, wannan ba abin ciniki ba ne. A nan zan sa maka wata tambaya da babu wanda ya yi a gidanku: me ya sa ya zame? Mutumin da ya hau tsani sau talatin lafiya, idan ya faɗo daga mataki na uku, yana iya zama tsautsayi kawai, yana kuma iya zama jiri, ko raunin gani, ko hawan jini, ko wani magani da yake sha. Ya kamata likita ya duba shi, amma ka ajiye wannan sai kun shirya, kada ka haɗa shi da maganar indararo ya zama wata hujjar tsufa.

Lokaci kuwa, bari in ba ka lissafi, domin Baba mutum ne mai sanin gini, kuma da yarensa za ka fi samun kansa. Ruwan sama milimita 1 da ya sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 ne cif. Rufin da ya kai mita 10 a tsawo da mita 10 a faɗi, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30, ya tara lita 3,000, wato duro 15 mai cin lita 200, a dare ɗaya. Aikin indararo da bututu shi ne su kwashe wannan duka su kai shi nesa da gini. Idan hanyar ta toshe, ruwan ba ya ɓacewa, yana bin abin da ya fi kusa da shi, kuma abin da ya fi kusa shi ne bango. Sannan ga nauyi. Indararo mai faɗin santimita 12 da zurfin 8, idan ya cika, kowace mita na ɗauke da kusan lita 10, wato kilo 10. Mita 10 sun zama kilo 100 rataye a bakin rufi, ban da laka da ruɓaɓɓen ganye. Ƙarafunan da ke riƙe da shi sai su fara sakewa, tsakiyarsa ya yi ciki, cikin ya riƙe ruwa, ruwan ya tara ƙarin laka ya jawo tsatsa, ya kuma ƙara nauyi. Haka abin ke cin kansa. Ruwan da ya kwanta a can sama ma gidan sauro ne da babu mai ganinsa daga ƙasa, kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwai ya zama sauro mai tashi. Damina guda gidan ya jure. Ta biyu za ta tarar da indararo a sake, katako a jiƙe, bango bai gama bushewa ba.

Yadda ka kwatanta bangon Mama ya faɗa mini abu mai amfani. Jiƙa a kusurwa daga sama har ƙasa yawanci na nuna cewa bakin bututun da ke wannan kusurwar ya toshe, ruwan na tumbatsa ta bayan indararo yana bin bango. Da laimar daga ƙasa take tasowa, za ka ga ta tsaya a wani tsayi kamar an ja layi, da farin gishiri-gishiri a kan filasta, alamar ruwa na kwanciya a gindin gini. Da kwanon ne ke yoyo, tabon a silin zai fara fitowa. Ka sa ƙanenka ya duba bangon ta waje ya ɗauko maka hoto, za ka ga ko akwai baƙin zane ko koren gansakuka da ya sauko daga bakin rufi. Yana yiwuwa ku tarar da biyu a haɗe, domin ruwan da ya bi bango a gindinsa yake ƙarewa.

Amma Mama ba za ta jira a gama sulhu ba. Funfuna kan fara kama abin da ya jiƙe cikin kwana 1 zuwa 2, kuma tun a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan laima da funfuna a cikin gidaje, inda ta danganta zama a ɗaki mai laima da tari, shessheƙar numfashi da tsanantar asma. Ban ce laimar ce ta kawo tarinta ba, wannan likita ne zai faɗa, kuma tarin da ya wuce mako 2 a jikin babba bai kamata a zauna da shi ba ko da ɗakin a bushe yake. A kai ta asibiti, a kuma faɗa wa likita halin ɗakin da take kwana. Yau ɗin nan, ta waya, ka sa a janye gadonta da kabad daga jikin bangon, a riƙa buɗe taga da rana, in da hali ta koma wani ɗakin. Wannan ba ya bukatar tsani, ba ya bukatar izinin kowa. Ka kuma yi mata godiya. Ita ta ɗauki laifin fitar da tsanin, ita ke kwana a ɗakin da ya jiƙe, ita ke tsakanin miji da ɗa tana kai saƙo. Kada ka ƙara mata kaya da cewa ta lallashe shi a madadinka.

Shawarar ƙanenka ta yin aikin a ɓoye, na gane daga ina ta fito, amma kada ku yi. Baba ya san kowace kusa a gidan nan, ranar zai gane. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba fushinsa ba ne. Mutumin da aka yi wa aiki a bayan idonsa zai so ya ga abin da aka yi, kuma tunda ya koyi cewa a gidan ana ɓoye wa juna abu, shi ma zai jira ranar da babu kowa, ya ɗauko tsanin aro ya hau shi kaɗai, ba mai riƙe masa, ba mai jin ƙararsa in ya faɗo. Abin da kuke gudu shi za ku jawo.

Ga abin da nake ganin za ka yi. Ka je da kanka, kada ka yi wannan ta waya. Ka same shi a lokacin da yake cikin natsuwa, ka zauna ƙasa da shi, ka ce, "Baba, na yi kuskure da na ɗaga maka murya, kuma maganar da na faɗa ba ta dace ba. Ka yafe mini. Tun faɗuwar bara tsoro bai bar ni ba." Daga nan ka yi shiru. Kada ka biyo da "amma". Ban haƙurin da aka ɗaura wa bukata a wutsiya, dattijo na gane shi tun daga nesa. Ka bar maganar ta kwana.

Washegari sai ka zo da bukatarka, kuma ka sauya ta gaba ɗaya. Ka ce, "Baba, shekara 30 kana wannan aikin, a cikinmu babu wanda ya koya. Ina so ka koya mana, ni da ƙanena. Kana ƙasa kana faɗa, mu muna sama muna yi." Wannan ba dabara ba ce ta yaudara, gaskiya ce tsantsa. Shi ya san ta wane ɓangare aka karkatar da indararon, shi ya san wane haɗi ne ya saba yoyo, da shekarar da aka sauya wane kwano, da inda bututun da aka binne ya ɓulla. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a kansa yake, kuma ku ne za ku gaji gidan da ruwansa. Wanda ya hau ya riƙa ɗaukar hoto da bidiyo da waya yana miƙo masa, ya ga komai da idonsa, ya ce a yi kaza, a bar kaza. Ana cewa abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ku sa masa kujera a inuwa inda yake ganin bakin rufin, ku bar masa hangen, ku ɗauki hawan.

Tunda ku ne za ku hau, dole in yi maka maganar tsani kai ma, domin ƙuruciya ba ta hana faɗuwa. A zaɓi ranar da babu iska, kwano a bushe. Ƙafar tsani ta zauna a ƙasa mai tauri da daidaito, a janye ta daga bango mita 1 ga kowane mita 4 na tsayi. A jingina shi da bango, ba da indararo ba. Ɗayanku ya riƙe a ƙasa duk tsawon aikin. Wanda ke sama kada ya miƙa jiki gefe har cibiyarsa ta wuce sandar tsani, gara ya sauko a matsar sau ashirin. Bokiti a rataye shi da ƙugiya don hannu ɗaya ya zauna a riƙe. Kafin a ɗaga tsanin ma a duba inda wayar lantarki ta shigo gidan, musamman idan na ƙarfe ne. Idan kuwa gidan bene ne, ko gefen da za a yi aikin na kusa da waya, to ba aikinku ba ne. A nemo mai sana'ar da ke da kayan hawa, amma Baba ya zaɓe shi, ya yi masa tambayoyi, ya gindaya masa sharuɗɗa, ya tsaya a kansa. Kuɗin kuma ka ba Baba a hannu tun da wuri, shi ya biya.

Aikin kansa ba shi da wuya, tsari yake so. A fara cusa tsumma a bakin bututu don kada datti ya gangara ciki. A sa safar hannu mai kauri, domin bakin kwano na yanka, kuma a lura da gidan rina kafin a zura hannu. A kwashe ganye da laka cikin bokiti, robar ruwa da aka yanke ta isa cebur. Idan an gama sai a cire tsumman, a je can ƙarshen da ya fi nisa da bututu a zuba ruwa bokiti biyu ko a saki tiyo, kowa ya zuba ido. Ruwan ne zai faɗa muku gaskiya. Idan ya ruga zuwa bututu ya fita, lafiya. Inda ya tsaya ya kwanta, nan indararon ya yi ciki. Gangarar da ake so kaɗan ce ƙwarai, kamar santimita 2 zuwa 3 a kowane mita 10, ido ba ya ganinta, sai an ja igiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe an daidaita maƙalan, wato ƙarafunan da ke riƙe da indararon, da ita. Maƙalan su kasance tsakaninsu santimita 60 zuwa mita 1. Kafin a ɗaure ko ɗaya, a danna katakon bakin rufin da sukundireba. Idan ya nutse, katakon ya ruɓe, kuma duk kusar da aka buga a ruɓaɓɓen katako ruwan farko zai zare ta. A kusurwar ɗakin Mama ina kyautata zaton za ku tarar da haka, ku shirya sauya wannan guntun. Haɗin da ke ɗiga a goge shi, a bar shi ya bushe sarai, sannan a sa masa gam ɗin da aka yi don rufi. Huda ɗaya ko biyu ana liƙe su, amma idan tsatsa ta mayar da wani yanki kamar rariya, liƙi ɓata lokaci ne, a cire a sa sabo.

Bututu kuwa yawanci a gwiwa yake toshewa. Ku ƙwanƙwasa shi daga sama zuwa ƙasa, inda ƙarar ta mutu nan toshiyar take. A kwance gwiwar a zazzage, ko a zura tiyo daga ƙasa. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne ƙarshen bututun. Sai a share sama tsaf, a bar duro 15 na ruwa su zube a gindin bango. A ƙara masa tsawo ya kai ruwan aƙalla mita 1.5 zuwa 2 nesa da gini, ƙasar da ke kewaye da gidan kuma ta gangara waje, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Wannan ya fi muhimmanci inda ƙasar ke da laka, domin tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, kuma wannan motsin shekara bayan shekara shi ke tsaga bango. Idan bayan shara da gyara indararon bai daina tumbatsa ba, to bututun ne ya yi kaɗan. Dogon layi da ya wuce mita 10 zuwa 12 yakan bukaci bututu na biyu.

Maƙwabcinku shi ya kamata a fara da shi, tun kafin ranar babban aikin. Mutumin nan ya yi haƙuri. Wanda ya yi magana sau biyu da bakinsa, a na uku ya aiko ɗa, yana gaya muku ne cewa ba ya so ya sake tsayawa gaban Baba a kan wannan magana don kada zumunci ya lalace. Gwiwar da ta cire aikin rabin sa'a ne, watakila ma ba sai an hau can sama ba. Ku mayar da ita, ku karkatar da ruwan zuwa magudanar gidanku, ko ramin tsakuwa da ke tsotse ruwa wanda ya yi nisan kamar mita 5 daga ginin kowa, ko tanki mai murfi da aka yi wa hanyar fitar da rara. Sannan ka roƙi Baba ku je tare, shi ya yi magana, ya ce an gyara. Ku duba katangar da idonku. Idan ruwan ya zaizaye filasta ko ya ci gindinta, ku ce za ku gyara tun bai tambaya ba, domin ruwan rufinku ne ya yi ɓarnar. Ina jin wannan magana na damun Baba fiye da yadda yake nunawa, kuma zuwa da gyara a hannu zai dawo masa da girmansa a idon maƙwabcin.

Idan ya ƙi duk da haka fa? Yana iya ƙi, kada ka ɗauka ka gaza. Nemi wanda yake jin maganarsa, sa'arsa ba ɗansa ba: wani amini, ko yayansa, ko ma kafintan da ya yi rufin idan yana raye, wanda zai iya cewa, "Ni ma yarana ke hawa yanzu, ni ina ƙasa." Magana ɗaya ce, amma daga bakin sa'a ba ta da ɗaci. Abin da likita ya faɗa game da ɗakin Mama shi ma a kai masa, domin mutumin da ya shekara 30 yana hawa don iyalinsa su kwana a bushe ba zai so ya zama sanadin tarin matarsa ba. Idan duk wannan bai yi ba, ga hadari ya fara haɗuwa, to ka faɗa masa a fili da ladabi: "Baba, ranar kaza zan zo in hau saboda ɗakin Mama. Ina roƙon ka tsaya mana." Ka zo a ranar, ka yi aikin a gabansa. Zai yi fushi, watakila ya shige ɗaki. Amma da wuya mai gida ya ji ana taɓa rufinsa bai leƙo ya ce ba haka ake yi ba, kuma da zarar ya faɗi haka, ka ce, "To yaya ake yi, Baba?"

Don rage hawa a gaba, a sare rassan bishiyar da suka rufe kwano, a sa 'yar raga a bakin kowane bututu. Ragar da ake shimfiɗawa a kan indararo gaba ɗaya na tare manyan ganyaye, amma ƙura da ƙananan abubuwa na ratsawa su zama laka, don haka ba ta ɗauke shara, tana rage ta ne kawai. Sau biyu a shekara ya isa ga yawancin gidaje, kafin damina da bayan ganye ya gama zuba. Ka sa ranakun cikin lokutan zuwanka gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakanin nan kuma akwai dubawa ta ƙasa da babu wanda zai iya ta kamar Baba: ciyawa da ta tsiro a bakin rufi, sabon zane a bango, layin ramuka a ƙasa inda ruwa ke ɗiga daga sama. Ka ce masa duk ranar da ya ga ɗaya daga cikinsu ya kira ka.

Bangon Mama kada ku yi gaggawar shafa masa fenti don kunyar baƙi. Bangon da ya sha ruwan damina guda na ɗaukar watanni kafin ya bushe har ciki, kuma fenti a kan laima kumbura yake ya sake ɓarewa. A kankare wanda ya tashi, a wanke funfunar da ruwa da sabulu, da safar hannu da takunkumi, taga a buɗe, Mama ba ta ɗakin. A bar shi ya sha iska. Idan kuma akwai soket a wannan bangon, a daina amfani da shi sai mai aikin lantarki ya duba.

Ranar da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, in kana gida, ku tsaya tare a baranda ku kalli bakin rufin, ku ga ko akwai inda ke tumbatsa, sannan bayan tsawa ta lafa ku zagaya baya ku ga inda bututun ke zubarwa. In kana nesa, kira shi ruwan na tsaka da zuba, ka tambaye shi yadda kusurwar ɗakin Mama take, ka kuma saurari amsar har ƙarshe. Ka rubuto mini abin da likita ya ce game da tarinta.